Kufai da Filin Wasa: Tarihin Karkarar Tipperary ta Ƙasar Ailan

Gabatarwa

Matafiyin da ya tashi daga Dablin, babban birnin ƙasar Ailan, ya kama hanyar kudu maso yamma wadda ta nufi birnin Cork, ba zai wuce sa'a biyu a mota ba sai ya hango wani dutse ya taso a tsakiyar makiyaya, da manyan gine-gine a bisansa, mafi girmansu ba shi da rufi. Wannan shi ne Dutsen Cashel, inda sarakunan kudancin Ailan suka yi zamani. Idan ya ratse ya yi arewa kamar tafiyar kilomita 20, zai isa Thurles, wanda 'yan ƙasar suke furtawa kamar Tarlas. Garin kasuwa ne wanda mazaunansa ba su wuce 8,000 da 'yan kai ba, amma yana da filin wasa mai cin 'yan kallo kimanin 45,000. Tsakanin dutsen nan da filin nan akwai ƙauyuka barkatai, kuma da wuya a wuce ɗayansu ba a ga abu uku ba: coci, da kangon wani tsohon gini, da filin ƙwallo mai gyararriyar ciyawa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin da ya haɗa waɗannan wurare, a cikin lardi guda, watau Tipperary. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk wani iko da ya taɓa riƙe wannan karkara daga sama, na sarakuna ne ko na masu gandaye, ya shuɗe ya bar kufai, alhali kuwa ƙungiyar da talakawa suka kafa da hannunsu, watau kulob ɗin wasanni na gunduma, ita ce ta wanzu tana riƙe da ƙauyukan. Daga bisani za a duba abin da ke barazana ga wannan ƙungiya a yau.

Ƙasar da Sunayenta

Ailan tsibiri ne da ke yamma da Ingila. An kasa shi larduna 32, waɗanda 26 daga cikinsu suke cikin Jamhuriyar Ailan, sauran 6 kuwa, na arewa maso gabas, suna ƙarƙashin Birtaniya. Tipperary yana tsakiyar kudu, a sashen da ake kira Munster. Bai taɓa teku ba, ya yi iyaka da larduna 8, kuma faɗinsa ya ɗara murabba'in kilomita 4,000. Duwatsun Galtee suna kudu maso yammacinsa, dutsen Slievenamon yana kudu maso gabas, Kogin Suir kuma ya taso daga arewacinsa ya ratsa Thurles da Holycross da Cahir da Clonmel kafin ya nufi teku. Ƙasa ce mai dausayi, ruwan sama ba ya ɗauke mata a kowane lokaci na shekara, saboda haka ta shahara da kiwon shanun madara da dawakin sukuwa. Wannan albarka ita ce ta tsone wa mamaya ido ƙarni bayan ƙarni.

A ƙarƙashin lardi akwai gundumar coci, watau yankin da mutanensa suke halartar ibada ƙarƙashin limami guda. A ƙarƙashin gunduma kuma akwai unguwannin gona, waɗanda wata ba ta wuce gidaje biyar ko shida ba. Irin waɗannan unguwanni sun ɗara 60,000 a tsibirin baki ɗaya, kuma da su ne mutumin karkara yake faɗin asalinsa. Sunayen kusan duka daga harshen Gelik suke, harshen ƙasar na asali. Ma'anar Tipperary ita ce rijiyar Ara, Cashel ganuwar dutse, Thurles ƙaƙƙarfar ganuwa, Nenagh taron kasuwa, Clonmel fadamar zuma, Boherlahan kuwa faffaɗar hanya. Daga 1824 injiniyoyin sojan Ingila suka shiga safiyon tsibirin, suka rubuta sunayen bisa ƙa'idar rubutun Ingilishi. Da haka amon sunan ya saura a baki, ma'anarsa kuwa ta ɓace wa jama'ar da suka bar harshen kakanninsu a cikin wannan ƙarni.

Kufan Masu Iko

Tun kafin zuwan rubutaccen tarihi na sosai, zuriyar Eóganacht suke sarautar Munster daga bisa Dutsen Cashel. Ana hikaya cewa a nan ne Patrick, wanda ake jingina wa kawo addinin Kirista Ailan a ƙarni na 5, ya shigar da wani sarkinsu addinin. A ƙarni na 10 wata zuriya daga yamma ta ƙwace sarautar, ita ce ta Brian Boru. A 1101 ɗan jikansa, Muirchertach Ua Briain, ya ɗauki dutsen ya ba coci kyauta. A ido ibada ce, amma masana tarihi suna ganin dabarar mulki a ciki, domin da wannan kyauta ya raba tsofaffin abokan hamayyarsa da mazaunin kakanninsu har abada. Gine-ginen da ake gani yanzu duk bayan wannan ne aka yi su: hasumiya mai tsawon mita 28, da ƙaramar majami'ar da sarki Cormac Mac Carthaigh ya gina tsakanin 1127 da 1134, da babbar majami'a ta ƙarni na 13. A 1647 rundunar Lord Inchiquin, wadda take goyon bayan majalisar Ingila, ta hau dutsen ta karkashe ɗaruruwan mutanen da suka fake a ciki. A 1749 wani babban limamin Furotesta, Arthur Price, ya sa aka cire rufin babbar majami'ar, tun daga nan ta zama kango.

A bakin Kogin Suir, kudu da Thurles, akwai Holycross, gidan ibadar ruhubanawa, watau masu zuhudu na addinin Kirista, wanda sarki Domnall Mór Ua Briain ya kafa wajen 1180. Shi ma ya zama kango bayan da gwamnatin Ingila ta rushe irin waɗannan gidaje ta ƙwace gonakinsu.

Normanawa sun ƙetaro daga Birtaniya a 1169. A 1185 wani jarumi daga cikinsu, Theobald Walter, ya sami yanki mai faɗi a arewacin lardin, zuriyarsa kuma, waɗanda aka sani da Butler, suka riƙe Tipperary shekaru ɗaruruwa. Su ne suka bar fadar Nenagh da ta Cahir. A zamaninsu ne aka kewaye garin Fethard da ganuwar da har yanzu mafi yawanta tana tsaye, aka kuma cika karkara da ɗaruruwan sorayen tsaro na dutse, waɗanda a yau shanu suke kiwo a gindinsu. A 1650 Oliver Cromwell ya shigo lardin. Cahir ta miƙa wuya ba faɗa, Clonmel kuwa ta yi masa mummunar ɓarna kafin ya ci ta. Dokar 1652 ta ƙwace gonakin masu ƙasa 'yan Katolika, aka raba wa sojojinsa da attajiran da suka ba da rancen yaƙin. Daga nan aka sami tsarin da ya yi shekara fiye da 200: ƙasa tana hannun 'yan tsiraru, galibinsu Furotesta masu jin Ingilishi, noma kuwa yana wuyan jama'a 'yan Katolika masu biyan haya.

Masu Gandaye, Yunwa da Ƙaura

A nan ne ya kamata a gabatar da wasan da lardin ya shahara da shi, wanda ake kira harlin, watau ƙwallon sanda. Kowane ɗan wasa yana riƙe da sanda mai faffaɗan kai, da ita yake ɗaukar wata 'yar ƙwallon fata mai tauri, ya yi gudu da ita a kan sandar, ya buga ta a sama ko a ƙasa. A tsarin yau 'yan wasa 15 ne a kowane ɓangare. Ƙwallon da ta bi ta saman sandar raga maki 1 ce, wadda ta shiga raga maki 3. Wasan tsoho ne ƙwarai, har dokokin Kilkenny na 1366 sun hana Normanawa yinsa, don gudun kada su saje da 'yan ƙasa.

A ƙarni na 18 masu gandaye ne suke ɗaukar nauyin wasan. Kowane mai gandu yakan tara ƙarfafan 'yan hayarsa su kara da na maƙwabcinsa, a zuba kuɗin caca. Amma zaman doya da manja ake yi. A 1761 manoma suka fara tawayen dare a wajen Clogheen, a kudancin lardin, saboda killace makiyayar jama'a da nauyin haraji, kuma a 1766 aka rataye limamin gundumar, Nicholas Sheehy, a Clonmel bisa zargin goyon bayansu. Bayan babban tawayen 1798 masu gandaye suka tsorata da duk wani taron samari masu sanduna, suka janye hannunsu daga wasan.

Sai kuma babbar yunwa. Talakan Ailan ya dogara ne kacokan ga dankalin Turawa. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin, ta yi ta maimaituwa shekara bayan shekara. Daga cikin mutane fiye da miliyan 8, kimanin miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka tsere ƙasashen waje. Ƙidayar 1841 ta sami mutum kimanin 435,000 a Tipperary, ta 1851 ta sami 331,000, ta 1911 kuwa 152,000 kacal. A tsakiyar wannan masifa, ranar 29 ga Yuli 1848, wasu 'yan kishin ƙasa ƙarƙashin William Smith O'Brien suka yi wa 'yan sanda fiye da 40 ƙawanya a gidan wata mata da mijinta ya rasu, kusa da ƙauyen Ballingarry. Tawayen ya watse a yinin, gidan kuwa yanzu gidan tarihi ne. Ƙaurar da yunwa ta buɗe wa ƙofa ba ta tsaya ba. Ta kwashi 'ya'yan karkarar Ailan zuwa Amurka da Ingila da Ostireliya, wasu kuma, limamai da mata masu zaman zuhudu, aikin mishan ya kai su har Nijeriya ta Arewa, inda suka buɗe makarantu irin ta St. Louis da ke Kano.

Wajen 1870 ƙwallon sanda ya kusa mutuwa a lardin. Kurket, wasan Ingila, shi ne ya bazu a garuruwa da ƙauyuka da yawa. A cikin shekarun nan ne Charles Kickham, mutumin ƙauyen Mullinahone, ya wallafa littafinsa Knocknagow, labarin wani ƙauye da haya da kora suka cinye. A ciki akwai wani ƙaƙƙarfan manomi da ya kara da hafsan soja a jifan guduma, ya kuma yi nasara don kare martabar ƙauyensu. Littafin ya shiga kusan kowane gida, domin ya taɓo abin da yake ran mutane.

Taron Thurles na 1884

Ranar 1 ga Nuwamba 1884 wasu mutane, waɗanda aka saba cewa su bakwai ne, suka taru a wani ɗaki na otel ɗin Hayes a Thurles, suka kafa Ƙungiyar Wasannin Gelik, wadda aka fi sani da GAA. Jagoran tafiyar shi ne Michael Cusack, malamin makaranta daga lardin Clare. Shugaban farko kuwa Maurice Davin ne, manomi daga Carrick-on-Suir wanda ya yi suna a wasannin jifa. A cikinsu akwai 'yan jarida, da maginin dutse daga Templemore mai suna J.K. Bracken, har da wani hafsan 'yan sandan gwamnati, Thomas St George McCarthy. Kukansu shi ne, wasannin guje-guje da tsalle-tsalle suna hannun masu hali, waɗanda suke bin ƙa'idojin Ingila, ba sa yarda a yi wasa ran Lahadi, alhali kuwa ita kaɗai ce ranar hutun lebura da ɗan ƙodago.

Suka nemi mutum uku su zama iyayen ƙungiya: Charles Stewart Parnell, jagoran 'yan Ailan a majalisar Landan, da Michael Davitt, wanda ya kafa ƙungiyar neman haƙƙin manoma 'yan haya a 1879, da Thomas Croke, babban limamin Katolika na Cashel, wanda mazauninsa yake Thurles. Wannan zaɓi ya nuna inda aka dosa, domin ya haɗa siyasa da gona da coci a igiya ɗaya. Davin ya tsara ƙa'idojin ƙwallon sanda da na ƙwallon Gelik, wanda ake bugawa da hannu da ƙafa, cikin 'yan shekaru kuma kulob-kulob suka tsiro ko'ina.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. A babban taron 1887, a kotun Thurles, 'yan ƙungiyar asiri masu neman 'yanci da bakin bindiga suka yi rikici da limamai a kan shugabanci, har limaman suka fice. A 1888 aka tura 'yan wasa kimanin 50 Amurka don neman kuɗi. Aka dawo da bashi, kuma kusan 20 daga cikinsu suka ƙi dawowa, gasar shekarar ma ba a ƙarasa ta ba. Rikicin da ya raba magoya bayan Parnell a 1890 da 1891 ya kashe kulob da yawa. Duk da haka ƙungiyar ta farfaɗo, kuma dalilin farfaɗowarta yana cikin ginshiƙin da aka ɗora ta a kai.

Gunduma Ɗaya, Kulob Ɗaya

Ginshiƙin nan shi ne gundumar coci. Tun a shekarun farko aka tsayar da ƙa'ida cewa gunduma ɗaya kulob ɗaya, kuma mutum yana yi wa gundumar da ya fito wasa. Hikimar wannan ita ce, a ƙarni na 19 gundumar Katolika ce kaɗai tsarin da talaka yake jin nasa ne. Bayan da aka ɗage wa 'yan Katolika takunkumi a 1829, aka kuma kafa makarantun firamare na gwamnati daga 1831, sai coci da makaranta da maƙabarta suka zama cibiyar rayuwar kowane yanki. Kulob ya zo ya zama na huɗunsu. Bugu da ƙari, gabar da take tsakanin yanki da yanki, wadda a da takan ƙare da faɗan sanduna a ranar kasuwa, sai ta sami filin da za a yi ta da alƙali da ƙa'ida.

A shekarun farko, kulob ɗin da ya ci gasar lardi shi yake wakiltar lardin a gasar ƙasa baki ɗaya. Ta haka ne sunayen ƙananan wurare suka shiga tarihi. Wasan ƙarshe na farko na ƙwallon sanda, na gasar 1887, an yi shi a garin Birr ranar 1 ga Afrilu 1888, mutum 21 a kowane ɓangare, inda Thurles ta doke Meelick ta lardin Galway. Tubberadora, wata unguwar gona a gundumar Boherlahan wadda ko matsayin ƙauye ba ta kai ba, ta ci gasar ƙasa a 1895 da 1896 da 1898 ƙarƙashin Mikey Maher. Horse and Jockey ta ci a 1899, Two-Mile-Borris a 1900. Thurles ta sake ci a 1906 da 1908 ƙarƙashin Tom Semple, wanda a 1971 aka sa wa babban filin garin sunansa. Boherlahan ta ci a 1916. Duk waɗannan wurare suna tsakanin Cashel da Thurles ko dab da su, mutum zai iya zaga su a keke cikin yini guda. Daga gundumar Holycross kuma John Doyle ya fito, manomin da ya ci gasar ƙasa sau 8 tsakanin 1949 da 1965.

Abu na biyu da ya ƙarfafa tsarin shi ne, ba a biyan ɗan wasa albashi, ba a kuma sayar da shi ga wani kulob. Wanda dubban mutane suka yi wa tafi ran Lahadi, ran Litinin yana tatsar shanu ko yana gaban allo a aji. Filin wasa ma jama'a ne suke tara kuɗi su saya, su share, su gina ɗakin taro da aikin gayya.

Sunayen kulob-kulob ɗin kansu littafin tarihi ne. Na Clogheen yana ɗauke da sunan limami Sheehy, na Mullinahone sunan Kickham, na Templemore sunan Bracken, ɗaya daga na Carrick-on-Suir sunan Davin, na Kilruane kuwa sunan Thomas MacDonagh, ɗan Cloughjordan da aka harbe bayan tawayen Dablin na 1916. Yaron da ya sa rigar kulob yakan fara jin tarihin gundumarsa tun kafin ya karanta shi a makaranta.

Siyasa, Jini da Wariya

Ƙungiyar da aka kafa a kan kishin ƙasa ba ta da hanyar kauce wa yaƙin neman 'yanci. Harsashin farko na yaƙin a lardin nan aka harba shi, a Soloheadbeg, ranar 21 ga Janairu 1919, lokacin da Seán Treacy da Dan Breen da abokansu suka yi wa masu rakiyar nakiya kwanton ɓauna, suka kashe 'yan sanda biyu, waɗanda su ma 'yan Ailan ne 'yan Katolika. Ranar Lahadi 21 ga Nuwamba 1920 da safe, 'yan tawaye suka kashe mutum 14 a Dablin, waɗanda suke zargi da yi wa Ingila leƙen asiri. Da rana Tipperary tana karawa da Dablin a ƙwallon Gelik a filin Croke, sai dakarun gwamnati suka shigo suka buɗe wa taron wuta. Mutum 14 suka rasu, cikinsu har da yara uku da mace guda, da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan, mai shekara 24, daga ƙauyen Grangemockler. Har yau ɗaya daga manyan rumfunan filin yana ɗauke da sunansa.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya fuskar al'amarin. Daga farkon ƙarni na 20 ƙungiyar ta haramta wa 'ya'yanta buga ƙwallon ƙafa irin na Ingila da rugbi da kurket da hoki, har ma zuwa kallonsu. A 1938 ta cire shugaban ƙasa Douglas Hyde daga jerin iyayenta don ya halarci wasan ƙwallon ƙafa. Wannan doka ta raba maƙwabta, ta kuma nisanta 'yan Furotesta da yawa daga kulob ɗin gundumarsu. Ba a soke ta ba sai a 1971, dokar hana sojoji da 'yan sandan Birtaniya shiga ƙungiyar kuwa ta kai har 2001. Mata ma an daɗe ana barinsu a gefe. Sun kafa tasu ƙungiyar ƙwallon sanda a 1904, ta ƙwallon Gelik kuwa sai a 1974, a wannan otel ɗin na Hayes, kuma Tipperary ce ta ci gasarsu ta farko. A watan Mayu 2011 Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta ziyarci filin Croke, bayan kwana biyu kuma ta hau Dutsen Cashel, abin da mutanen 1920 ba za su taɓa zato ba.

Kulob da Makomar Ƙauye

Dokar ƙasa ta 1903 ta ba manoma damar sayen gonakin da suke haya, 'yancin kai kuma ya samu a 1922, amma ƙauye bai daina zubar da 'ya'yansa ba. A cikin shekarun 1950 mutum kimanin 400,000 suka bar ƙasar, har jama'ar Tipperary suka koma ƙasa da 125,000. An yi ƙoƙari iri-iri na tsayar da mutane a gida. A 1937 limami John Hayes ya kafa ƙungiyar raya karkara mai suna Muintir na Tíre a garin Tipperary, ita ma bisa gundumar coci, kuma gundumarsa ta Bansha tana cikin waɗanda suka fara samun lantarki, a 1948. Holycross ma da gunduma ta karɓe shi ne ya tashi daga kango: aka gyara shi, aka buɗe shi a 1975 ya zama cocin jama'ar wurin. Amma masana'antar sukari ta Thurles, wadda aka buɗe a 1934, an rufe ta a 1989. Ƙananan matattaran madara na haɗin gwiwar manoma sun narke cikin manyan kamfanoni. A ƙauyuka da yawa an rufe gidan waya da ofishin 'yan sanda da kanti, limamai sun yi ƙaranci, masu zuwa coci sun ragu.

A irin waɗannan wurare kulob ne ya rage yana tara jama'a. A ɗakinsa ake taron gari. 'Ya'yansa ne suke jeruwa a bakin hanya su raka gawar tsohon ɗan wasa, da rigar kulob a kan akwatinsa. A annobar 2020 su ne suka riƙa kai wa tsofaffi cefane gida. Lardin yana da kulob kimanin 70, kuma ƙanana ba su daina ba da mamaki ba. Roscrea ce ta ci gasar ƙasa ta kulob-kulob ta farko a 1971, Kilruane ta ci a 1986, Borris-Ileigh a 1987. Gundumar Loughmore da Castleiney, ƙauyuka biyu na manoma, ta haɗa kofin lardi na ƙwallon sanda da na ƙwallon Gelik a 2013, ta maimaita a 2021, galibi da samari iri ɗaya daga gidaje 'yan kaɗan. A Nuwamba 2020, shekara 100 cif bayan kisan filin Croke, 'yan ƙwallon Gelik na lardin suka sa riga fara mai ratsin kore irin wadda Hogan ya mutu a cikinta, suka ci gasar Munster, rabonsu da ita tun 1935. A 2025 kuma lardin ya ci gasar ƙasa ta ƙwallon sanda karo na 29.

Sai dai ƙa'idar da ta ba kulob ƙarfi ita ce kuma rauninsa. Tun da ba a sayen ɗan wasa, kulob ba shi da abin dogaro sai yaran da aka haifa a gundumar. Ƙidayar 2022 ta sami mutum kimanin 168,000 a lardin, wanda bai kai rabin na 1841 ba, kuma ƙaruwar ta fi yawa a garuruwa. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 samari da yawa sun tafi Ostireliya da Kanada, inda suke yi wa kulob-kulob na can wasa. Ana samun gundumomin da ba sa iya haɗa yara 15, sai su haɗe da maƙwabtan da kakanninsu suka yi shekara ɗari suna hamayya da su, alhali a unguwannin Dablin yara sun yi wa filaye yawa. Wani abin da ya kawo sauƙi shi ne 'ya'yan baƙin da suka zauna a ƙasar, har da 'yan asalin Nijeriya, waɗanda wasunsu sun kai ga sa rigunan larduna.

Kammalawa

An ga yadda sarakunan Munster da zuriyar Butler da magadan Cromwell suka riƙe wannan ƙasa bi da bi, kowannensu ya gina abin da yake zaton zai dawwama. Abin da suka bari yanzu yana hannun hukumar kula da kayan tarihi, baƙi suna biyan kuɗi su shiga kallo. Ƙungiyar da aka kafa a ɗakin otel a 1884 ba ta da gandu ko runduna, amma ta wuce shekara 140, domin ta zauna a kan yankin da mutane suka riga suka ɗauka nasu ne, ta kuma bar ragama a hannunsu. Wannan abin lura ne ga ɗalibin tarihi, da ma'aikacin da aka ɗora wa aikin raya karkara.

Amma Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Dutsen Cashel zai ci gaba da tsayuwa ko da mutane a gindinsa ko babu. Kulob ɗin gunduma kuwa bukatarsa ita ce a sami samari 15 a fili ran Lahadi, wannan kuma ya rataya ne a kan ko akwai aikin yi da gidan zama da makaranta da za su sa iyayensu su zauna a ƙauyen.